Rauda Da Rabin Oksijin

Akwai ƙaryar da mutane ba su ɗauke ta a bakin komai ba, ita ce mutum ya ce "na gane" alhali bai gane ba. Kalma biyu ce, ba ta da nauyi a harshe, amma na ga ta rushe abin da aka daɗe ana ginawa. Girman kai ke haifar ta, girman kai kuwa rawanin tsiya ne. Ku 'yan matan da ke bin labarin soyayya a waya, ku gyara zama, yau babu mota babu gidan sama. Labarin Rauda ne, 'yar ƙanena, a nan cikin garin Daura. Wani a gabana aka yi shi, wani kuma ita ta faɗa mini da bakinta, ta ce in ba ku ko Allah zai sa wata ta tsira.

Rauda tana ajin ƙarshe a sakandaren 'yan mata, ɓangaren kimiyya. Ba ita ta zaɓa ba. Ubanta, Alhaji Sama'ila, dillalin shanu ne a kasuwar Mai'adua, bai taɓa zama a benci ba. Wata shekara ya kwanta asibiti, ya ga wata yarinya da farar riga ana ce mata likita, manyan mutane suna miƙe mata, ya dawo gida ya ce shi ma sai an yi irinta a gidansa. Tun daga ranar ya daina kiran Rauda da sunanta. "Likita, miƙo buta." "Likita, zo ki gaida baƙi." Har abokansa na kara haka suke tambaya, "Alhaji, ina Likita?" Uwarta, Hajiya Shatu, ita kuma maganarta ɗaya ce safe da yamma: "Ke dai kar ki ba mu kunya."

Yarinyar ba daƙiƙiya ba ce. Ba ta yadi da almakashi ka sha mamaki. Amma kemistiri ya tsaya mata a maƙogwaro kamar ƙayar kifi, bai wuce ba, bai fito ba. A aji sai ta yi ta gyaɗa kai tare da masu gyaɗawa, zuciyarta na can wani wuri.

Ana haka Anwar ya shigo rayuwarta. Ɗan Baure ne, yana shekarar ƙarshe a jami'a a Katsina, kuma wannan kemistirin dai yake karantawa. Dogo, siriri, mai farin gilashi, shaddarsa ba ta da yawa amma kullum a goge. A gidan kawunsa Kalilu, abokin Alhaji, ya ganta ranar wani suna. Bai tare ta a hanya ba, ta bakin kawun ya nemi izini. Alhaji ya ce ya yarda: zance a zaure, ranar Juma'a bayan la'asar idan yana gari, ƙofa a buɗe. Aure kuwa sai ta sami gurbi a jami'a. A can Baure mahaifiyar Anwar ba ta so wannan jira ba, ta ce yaro ya kusa gamawa, me za a tsaya yi? Shi ya dage. Ya ce mata Rauda yarinya ce mai kai, irinta ba a katse ta, ya ji ya gani zai jira. Wato mutuncinsa ya ɗauka ya jingina a kan maganar.

Ranar zancensu na farko ta fito cikin atamfa ruwan ganye da hijabi fari har gwiwa, ta zauna a gefen tabarma tana wasa da zobenta. Bayan gaisuwa ya ce, "Ya karatu? Ya kemistiri, yana ba ki wuya?"

Nan ne fa ƙofa ta buɗe mata. Da ta ce "wallahi yana ba ni", da labarin nan bai zo gare ku ba. Amma ta dubi gilashinsa, ta tuna a matsayin Likita aka gabatar da ita, sai ta ji bakinta ya ce, "Wuya kuma? Ai shi na fi so ma."

Fuskarsa ta washe kamar an yi masa albishir da kujerar Makka. "Alhamdulillahi! To mun dace. Duk abin da aka ba ku ki turo mu duba tare."

Da ya koma makaranta sai harka ta koma waya. Duk ranar da Malama Amatullahi, malamar kemistirinsu, ta ba da aikin gida, Rauda takan ɗauki hoton tambayoyin ta tura:

"Salam Yaya Anwar. Ga aikinmu na yau. Na yi nawa, ina so in gwada da naka in ga ko mun zo ɗaya 🙈"

Ba ta yi komai ba, ko layi ɗaya. Shi kuma bawan Allah sai ya zauna ya rubuta amsa a takarda, ya turo hoto, ya biyo da dogon saƙon murya yana bayani dalla-dalla.

Da farko ta gwada saurara. Kafin ya kai tsakiya ta ɓace, ta mayar baya, ta sake ɓacewa, har hawaye ya zo mata. Muryarsa mai daɗi, amma duk kalmar da ya faɗa sai ta ji kamar yana nuna mata girman ramin da take ciki. Sai ta samo dabara. Ta san idan ba ta buɗe saƙon ba zai gani a wayarsa. Don haka sai ta danna, ta rage sauti har ƙasa, ta tura wayar ƙarƙashin filo, ta ci gaba da ƙunshinta ko ɗinkin hularta. Idan ya ƙare, alama ta koma shuɗiya, sai ta jawo wayar ta rubuta:

"Na gane sosai 😍 Allah ya ƙara basira."

Ta kwafe hoton a littafinta tsaf, harafi da harafi.

Maki ya fara hawa. A jarrabawa hadda take yi ta zuba abin da ya zauna, ta tsallake da ƙyar, Malama ta ɗauka firgicin jarrabawa ne kawai, tunda aikin gidanta babu na biyunsa. Har ta sa sunanta cikin waɗanda za su wakilci makaranta a gasar kimiyya ta yankin Daura. Alhaji da ya ji, rago ya kayar. Rauda ta ci naman nan yana mata ɗaci, don ta san kayan aro ba ya rufe katara. Sau nawa tana ɗaukar waya ta rubuta "Yaya, akwai maganar da nake so in faɗa maka", ta goge. Kullum sai ta ce bari a wuce wannan makon.

Can wajen tsakiyar zango rubutun Anwar ya canza. Da kamar na inji yake, sai ya koma a karkace, haruffa suna hawa kan juna. Rauda ta riƙa ƙanƙance ido tana tsaki. "Wannan wane irin rubutu ne kamar kaza ta yi tono? Mutum ya yi ta wahalar kwafa." Ba ta tambaya ba. Ta kwafa, ta tura "na gane".

Sai aka zo wani darasi da suke kira entalfi. Aikin gidan ya ce a rubuta ikweshan na samuwar ruwa, da na gishiri, da wasu abubuwa, daga tushensu. Amsa ta iso bayan la'asar, da saƙon murya a bayanta kamar kullum. Waya ta shiga ƙarƙashin filo. Rauda ta ɗauki biro, layin farko ta tsaya:

H₂ + ½O₂ → H₂O

Rabi. A na gishiri ma rabi. Abu ɗaya da ta riƙe tun ajin farko na babbar sakandare shi ne wani malami da ke buga tebur yana cewa, "Ba a barin rabi a ikweshan, a ninka!" Ta rubuta, "Yaya, wannan rabin fa?" Ta kalli saƙon. Zuciyarta ta ce, ai tabbas ya yi bayaninsa a murya, kina tambaya zai san ba ki saurara ba. Ta goge. Wayar tana nan a hannunta, saƙon yana nan, dannawa ɗaya ce. Amma ta saba da gudu, sai ta kwafe rabin yadda yake, ta rufe littafi. Matambayi ba ya ɓata, in ji mutanen da, amma sai ya buɗe baki.

Washegari saƙo ya shigo a rubuce: "Yaya Murja za ta shigo Daura ranar Asabar. Za ta biyo ta gaida Hajiya, ta gan ki. Ita ce ke tare mana faɗa a gida, ki karɓe ta da kyau 😊"

Murja yayarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya, malamar makaranta a Baure. Iyakar abin da Rauda ta sani ke nan.

Ranar Asabar gidan ya tashi da hayaniya. Aka share tsakar gida har sau biyu, aka dama fura da nono mai kauri, aka soya kaji, aka haɗa zoɓo da kanumfari. Hajiya Shatu ta aiko a kira ni in zauna, don a ga yarinya tana da dangi. Rauda ta turare ɗakinta har hayaƙi na fita ta taga, ta sa leshi ruwan zuma da mayafi mai duwatsu, lalle ya kama jawur a tafinta. Ta canza zanen gado, ta shimfiɗa sabuwar darduma. Sannan ta yi abin da har gobe idan ta tuna sai ta rufe fuska. Ta ɗauko littattafanta ta jera a kan ɗan teburin gefen gado, ta buɗe na kemistiri daidai shafin aikin nan, ta ɗora biro a kai, wai baƙuwa ta shigo ta ga an katse wa Likita karatu. Ita da hannunta. Ba wanda ya sa ta.

Murja ta iso bayan azahar, mace mai jiki da fara'a, hijabinta ruwan toka, tun daga zaure ake jin dariyarta. Ta durƙusa ta gaida Hajiya, ta gaishe ni, sannan ta juya ta ƙare wa Rauda kallo.

"Iye! Wannan ce ta hana ƙanena cin abinci? To wallahi ban ga laifinsa ba. Taso nan kusa, ni ba surukarki ba ce, lauyarku ce. Kin san yawun da na ƙarar a gaban Umma saboda ke?"

Rauda ta sunne kai tana murmushi. Muka koma ɗakinta, aka kawo fura. Hajiya ta tsaya bakin ƙofa, wai tana jiran ta kwashe kwano, alhali so take ta ji yabo. Hira ta yi daɗi. Murja tana shan fura idonta ya sauka a kan tebur.

"Kai, entalfi! Makon nan na gama shi da 'yan ajina." Ta miƙa hannu ta jawo littafin.

Rauda ta ɗago kai. "Anti, kemistiri kike koyarwa?"

"Au, bai gaya miki ba? Ni na fara ɗora shi a kai, da bulala ma." Ta bi shafin da ido tana gyaɗa kai, sannan ta dafa yatsa a kan layin farko, tana murmushi. "To, Likita. Wannan rabin da ke gaban oksijin, me ya kawo shi nan?"

Ni da nake zaune na ga murmushin nan, na wasa ne, irin na wanda ya miƙo maka abin da ya tabbata za ka cafe. Amma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Rauda ta ga murmushin ta fassara shi da an kama kuskure. Ta dubi ƙofa, ga uwarta ta washe baki tana jira. Ta tuna malamin nan mai buga tebur. "Ban sani ba" ta zo mata har leɓe, ta haɗiye ta.

"Ai kuskure ne, Anti," ta ce da sauri. "Na ma gan shi, mantawa na yi ban gyara ba."

Ta karɓi littafin, ta ja layi a kan amsar, ta rubuta a ƙasa:

2H₂ + O₂ → 2H₂O

"Ba a barin rabi. Ninkawa ake yi."

Murja ta dubi shafin. Murmushin ya tsaya a fuskarta, amma ya daina motsi. Shirun ya yi wa Rauda nauyi, sai ta shiga cike shi, baki kuwa shi ke yanka wuya.

"Yaya Anwar ne ya turo shi haka. Na so in gaya masa, sai na ji nauyi. Kwanan nan ma ban san me ke damunsa ba, ba ya natsuwa, rubutunsa duk a karkace, da ƙyar nake kwafa."

Kwafa. Kalmar ta fita kafin ta kamo ta. Magana zarar bunu ce.

Murja ta ajiye ludayi a hankali, ta goge bakinta da gefen hijabi.

"Rauda, ba ni aron kunnenki. Idan Gwaggonki ga ta nan ta tambaye ki itacen da zai dafa tukunya ɗaya, sai ki kawo mata lissafin tukunya biyu?"

"A'a."

"To wannan darasin ke nan gaba ɗayansa. Ana tambayar zafin da ke fita ko shiga idan aka samar da awo ɗaya tak na abu, mol ɗaya, daga tushensa. Ruwa mol ɗaya rabin oksijin yake ci, dole a rubuta rabi. Da kika ninka kin samar da biyu, zafin ma ya ninka, kin amsa tambayar da ba a yi miki ba. Abin da kika soke shi ne daidai."

Ni ban yi boko mai nisa ba, amma wallahi a take na gane. Rauda ma ta gane, a karon farko a rayuwarta, a ranar da ganewar ba ta da amfani.

"Wannan ba komai ba ne," in ji Murja, muryarta ta sauka. "Rabin 'yan ajina haka suke yi, a gyara musu a wuce. Rubutun da kika ce ya karkace kuwa, da hannun hagu yake yi miki. Na daman a ɗaure yake."

Hajiya ta matso daga bakin ƙofa. "Subhanallahi! Wane hannu? Me ya same shi?"

"Babur ya kayar da shi, an yi masa ɗori, an kusa wata guda." Murja ta juyo ta kalli Rauda. "Ya ce mini ya gaya miki. Ya ce kin amsa."

Rauda ta sunkuyar da kai. Ta kalli lallen hannunta kamar amsar tana ciki. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da ta yi mata godiya.

Murja ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Ta miƙe ta gyara hijabi, ta ce, "Hajiya, na gode da karamci, zan kama hanya kar yamma ta yi mini." Aka ce ga kaji, ta ce alhamdulillahi. Furar ma rabi ta bari a kwano.

Hajiya ta raka ta ta dawo, ta tsaya a kan 'yarta. "Abu ɗaya na roƙe ki a duniya. Ɗaya." Ta fita. Ni kuma na ce mata, "Ɗauko wayar nan ki saurari abin da aka daɗe ana gaya miki. Yanzu, ina zaune."

Ta ɗauko. Ta fara da na ƙarshe, ta ƙara sauti. Muryarsa ta cika ɗakin, a natse, da 'yar dariya a ciki.

"Assalamu alaikum, Rauda. Za ki ga rabi a gaban oksijin, kar ki tsorata, kar kuma ki ninka. A nan mol ɗaya kawai ake so a samar. Na san yana rikitarwa. Ni ma lokacin da Yaya Murja ta fara koya mini har kuka na yi, ta ce kaina kamar dutsen niƙa. In ba ki gane ba ki ce mini, wallahi ba zan gaji da maimaitawa ba. Af, kuma wannan tambayar take yi wa kowa, ki shirya mata in kun haɗu, ki fitar da ni kunya."

Ta ja baya, ta ja baya, har ta kai ranar da rubutu ya fara karkacewa. Bayani ne na wani darasi, dogo, sai can ƙarshe ya yi ajiyar zuciya.

"Ki yi haƙuri da rubutun yau. Na faɗi a babur a hanyar makaranta, hannun dama ya karye. Da sauƙi, kar ki tayar wa Hajiya hankali. Addu'arki kawai nake so."

A ƙarƙashinsa ga amsarta, tana nan ba ta goge ba: "Na gane sosai 😍 Allah ya ƙara basira."

Ta kifa kanta a cinyata, kuka har da shessheƙa. Ban rarrashe ta ba. Akwai kukan da magani ne, a bar shi ya yi aikinsa.

Ta tura masa saƙon ban haƙuri, ya buɗe, bai amsa ba. Ta kira, ya ce yana aji. Sai ranar Juma'a aka yi sallama a zaure bayan la'asar. Ta fito ba kwalliya, hijabin sallarta ne a jikinta. Yana zaune a inda ya saba, hannun dama a rataye a wuya da ƙyalle, ya rame.

"Ina wuni, Yaya Anwar. Ya jiki?"

"Da sauƙi."

Ta tura masa ruwa. Bai taɓa ba.

"Ka yafe mini don Allah."

"Na yafe, tun ranar." Ya cire gilashinsa da hagu, ya rasa yadda zai goge shi, ya mayar. "Rauda, da kin ce ba ki iya ba, daga farko za mu faro, ko shekara za mu yi. Da kin ce kimiyyar ce ba kya so, ni zan je in durƙusa gaban Alhaji in roƙa miki. Ranar da na gaya miki na karye kika ce kin gane, na ga alamar kin saurara, sai na ce kunya ce. Na ce wataƙila ba ki san yadda ake jajantawa a waya ba. Na yi ta nema miki uzuri. Ashe duk watannin nan ni kaɗai nake magana."

"Kunyarka nake ji. Ban so ka ga ban kai yadda kake zato ba."

"Kin ji kunyar ki ce mini ba ki sani ba, amma ba ki ji kunyar ɗora mini kuskure a gaban yayata ba?"

Ta ja hijabi ta rufe fuska.

"Na rantse a kanki a gida. Jiya Umma ta tambaye ni, ta ce wadda ba ta san hannunka ya karye ba, me ta sani naka? Na duba, na duba, ban sami amsa ba." Ya miƙe. "Kawu Kalilu zai ga Alhaji. Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

Ta bi bayansa da ido har ya sha kwana, yana tafe yana kare hannun daga masu wucewa.

Ranar Lahadi Alhaji ya dawo daga Mai'adua, ƙurar kara a ƙafarsa, ko ruwa bai nema ba. Ya tsaya tsakar gida.

"Rauda."

Sai da ta ɗan dakata kafin ta gane da ita ake, don ta manta yadda sunan yake a bakinsa. Ta zo ta durƙusa.

"Abin da Kalilu ya gaya mini gaskiya ne?"

"Gaskiya ne, Baba. Ban iya ba. Ban taɓa ganewa ba."

"Sai yau?" Ya shige ɗakinsa ya saki labule.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yanzu ga lissafin abin da "na gane" ta ci wa Rauda, ku ƙirga tare da ni.

Na ɗaya, gasar kimiyya. Aikin gida na gaba da kanta ta yi, Malama Amatullahi ta duba ta kira ta ofis, ba a daɗe ba gaskiya ta fito. Aka cire sunanta aka sa na wata Haulatu, wadda kullum hannunta ke sama tana cewa a maimaita.

Na biyu, yardar uwarta. Yau ko cewa ta yi ta yi sallah, sai Hajiya ta kalli darduma.

Na uku, fuskar ubanta a kasuwa. Mutumin da ke zama tsakiyar abokai yana ba da labari, yanzu da an gama ciniki yake hawa mota.

Na huɗu, Murja, yayar miji irin wadda mace ke roƙon Allah ya ba ta, ta zo da ƙafarta, ta koma ba ta waiwayo ba.

Na biyar, Anwar. Bayan ƙaramar sallah aka aiko daga gidan Kalilu da goro da alawa a faranti, na baikonsa da wata malamar firamare a Baure, aka ce a ba Alhaji nasa rabon. Babu kowa a tsakar gida sai Rauda. Ita ta karɓa, ita ta ce Allah ya sanya alheri, ita ta kai ɗakin ubanta.